TAKALMIN KOFATO: YADDA JAMUSAWA KE KOYA WA KARE BIN SAWUN BAREWA

A cikin kayan aikin mafarautan ƙasar Jamus akwai wani takalmi wanda in Bahaushe ya gan shi a rataye zai rantse kayan boka ne. Tafinsa na ƙarfe ne ko katako, ana ɗaure shi a ƙarƙashin takalmin da mutum ya saba sawa, sa'an nan a wajen dunduniya akwai wani maɗauri mai noti inda ake danƙe ƙafar barewa, da fatarta da kofatonta, yadda duk takun da mutum ya yi sai kofaton nan ya nutse cikin ƙasa ya bar shaida. Su Jamusawa suna kiransa Fährtenschuh, watau takalmin sawu. Mutum yakan ɗaura shi da la'asar ya shiga kurmi, ya yi tafiyar kilomita guda yana karkace-karkace, ya komo gida ya kwanta. Kashegari sai ya ɗauko karensa ya kai shi inda ya fara tafiyar, ya ce masa ya nemo.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kan suna. Dabbar da ake magana a kanta ba barewarmu ba ce ta Sahel, ba kuma gada ko mariya ko gwanki ba. Danginta dabam ne. Namijin yana da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, yana kuma zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro, abin da namun dajinmu ba su yi. A duk nahiyar Afirka babu irinta 'yar asali sai a duwatsun Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya. Amma tun da yake Hausa ba ta raɗa mata suna ba, za mu ci gaba da ce mata barewa. A Jamus akwai babba, ja, wadda namijinta kan fi jaki tsawo, akwai kuma ƙarama mai girman akuya. Ita ƙaramar nan kaɗai, abin da mafarauta ke harbewa a cikinta kowace shekara ya haura miliyan ɗaya.

To, inda ake harbi miliyan, tilas a sami kuskure. Ko maharbi ya kai gwanin gwanaye, wata rana dabba za ta motsa daidai lokacin da ya ja kunama, ko harsashi ya goga wani reshe ya karkace, sai ya sami tumbi maimakon zuciya, ko ya karya ƙafa, ko ya farfasa muƙamuƙi. Dabbar da aka yi wa irin wannan rauni ba ta faɗuwa a wurin. Gudu take yi ta shige duhuwa. Wadda aka harba a ciki takan ɗauki sa'o'i masu yawa tana fama kafin rai ya yi halinsa. Wadda aka fasa wa muƙamuƙi kuwa, ƙafafunta lafiya lau, tana iya yin kwanaki tana yawo, ga ciyawa ga ruwa amma ba halin ci ba halin sha, har yunwa ta kashe ta. Ban da na bindiga, ga kuma na mota, domin haɗurran da ake yi tsakanin motoci da namun daji a hanyoyin Jamus sun wuce 200,000 a shekara, da yawa daga cikin dabbobin nan kuma sukan ja jiki su shiga daji da karaya.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci wannan fili shi ne, mutanen can ba su bar al'amarin ga tausayin maharbi kaɗai ba. Sun mai da shi doka. Dokar farauta ta tarayyar Jamus, wadda aka kafa a 1952 aka kuma yi ta yi mata gyara, tana da sashe na 22a wanda ya wajabta a gaggauta ƙarasa duk dabbar da aka harba aka yi wa rauni, don kada ta sha azabar da za a iya kauce mata. Dokokin jihohi kuma suka ɗora da cewa neman irin wannan dabba sai da kare wanda aka tabbatar ya iya aikin. Ƙasar Suwidin ta ƙara tsanani: wanda zai yi farautar barewa ko aladen daji, lalle ya zama yana da hanyar kawo horarren kare wurin da aka yi harbi cikin awa 2. Watau tun kafin ka ɗana bindiga sai ka san wanda za ka kira in ka yi kuskure.

Karnukan da suka shahara da wannan aiki suna da tsohon tarihi. A zamanin da sarakunan Turai ke farauta a kan dawakai, akwai wani kare da ake ja da igiya da asuba, ya bi sawun babban namijin barewa shiru ba haushi, har ya nuna kurmin da ya kwanta, kana a saki sauran karnuka. Da bindiga ta zo sai buƙata ta juya, aikin kare ya koma bayan harbi. Gidan mafarautan fadar Hanoba shi ya ɗauki tsohon irin nan ya gyara shi, shi ya sa har gobe ake kiran karen da sunan Hanoba. Kare ne mai nauyi, mai jan gashi, mai faɗin kunne, ga sanyin hali. A 1894 aka kafa ƙungiyar Verein Hirschmann don kiyaye irinsa. Mutanen Babariya, da yake ƙasarsu duwatsu ce, sai suka ga ya yi musu nauyi, suka haɗa shi da karnukan tsaunuka suka fid da wani mai sauƙin jiki, shi ma aka kafa masa ƙungiya a birnin Miyunik a 1912. Ƙungiyoyin nan biyu ba su ba kowa ɗan kwikwiyo don yana da kuɗi. Sai sun tabbata mutum zai sa shi aiki, galibi malaman daji da mafarautan da suka ƙware.

Wani abin dariya a harshen mafarautan Jamus, jinin dabba in ya fito daga jiki ba su ce masa jini, sai su ce Schweiß, kalmar da a bakin sauran jama'a take nufin gumi. Don haka sunan karnukan nan, in an fassara shi kai tsaye, karnukan gumi ke nan. Kowace sana'a da zaurancenta, ko mahautanmu ma suna da nasu.

Yanzu sai mai karatu ya ce, to, in dai jini ake bi, mene ne na wahalar ɗaura kofato? Me zai hana a cika kwalba da jini a bi ana ɗigawa? Ai kuwa haka aka daɗe ana yi, har yau ma ana yi. Mutum yakan ɗauki jini a kwalba mai hudajjen murfi, ko ya ɗaura soso a bakin sanda yana tsomawa yana dangwalawa a ƙasa. Illar wannan hanya ita ce, tana koya wa kare aikin da ba a cika buƙatarsa a ciki ba. Dabbar da ke zubar da jini shaa, an same ta a huhu ko zuciya, ba ta yin nisa, yaro ma ya bi jan layin nan ya same ta. Wadda ake kiran kare dominta ita ce wadda ta ɗiga jini kaɗan a farko, sa'an nan kitse ko hanji ya toshe ramin harsashin, ko jinin ya koma zuba ta ciki. Daga nan sai a yi mita ɗari biyar ba a ga ko ɗigo ba. Karen da bai san kome ba sai jini, in ya iso wurin sai ya tsaya yana dube-dube, ko kuwa ya kama sawun wata lafiyayyar barewa da ta gitta da safe, ya ja ubangijinsa su yi ta bulayi har rana ta faɗi, ita kuwa mai raunin tana kwance a wani gefe tana nishi.

Abin da ba ya yankewa shi ne taku. Muddin dabba na tafiya, ƙafarta na taɓa ƙasa. A tsakanin kofatan barewa da yawa akwai wata 'yar jaka mai fitar da wani maiƙo mai wari, a wasu irin a ƙafafun baya kawai, a barewar Amurka mai farar wutsiya kuwa a duk ƙafafu huɗu. Wanda ke son ya ga irin jakar nan da idonsa ba sai ya je Turai ba. Ran da aka yanka rago a gidanku, ɗauki ƙafar ka buɗa tsakanin kofatan biyu daga sama, za ka ga wani ɗan rami, in ka matsa wani farin maiƙo zai fito. Ga warin maiƙon nan, ga na fata da gashi, ga kuma warin ƙasar da kofato ya tona da ciyawar da ya murje. Waɗannan duka in sun haɗu su ne sawu a wurin kare, kuma na kowace dabba ya bambanta da na 'yar'uwarta kamar yadda muryar mutum ta bambanta da ta wansa. Aikin takalmin kofato ke nan: a koya wa kare ya riƙe sawun dabba guda, ita kaɗai, ko da jini ko babu, ko da garke ya ratsa ta kansa.

Hancin kare ya isa wannan aiki, har ya yi saura. A 2005 wasu masana biyu na jami'ar Queen's da ke Belfast, Peter Hepper da Deborah Wells, sun gwada karnuka da takun mutum, suka tarar taku 5 a jere ya ishi kare ya gane inda mai tafiya ya dosa, amma taku 3 bai isa ba. Ku duba fa, tsakanin takun farko da na biyar bai fi daƙiƙa biyu ba, amma kare na jin wanda ya fi sabunta. Saboda haka mai horo ba ya koya wa kare sansana, Allah ya riga ya koya masa. Abin da yake koya masa shi ne wane wari zai zaɓa a cikin dubu, da kuma haƙurin zama a kansa.

Ga yadda ake yi. In an harbe barewa, mai horo yakan yanke ƙafafun daga gwiwa, ya ɗebi jini kaɗan, da ɗan gashi, da fata, ya ƙulle su a leda guda ya rubuta rana, ya sa a injin ƙanƙara. Masu tsanani a cikinsu ba su yarda su gauraya ƙafar wata dabba da jinin wata ba, domin in ka yi haka kai da kanka kana koya wa kare cewa canja dabba a tsakiyar hanya ba laifi ba ne. In ranar aiki ta zo sai a fid da ledar ta narke. Kofaton da ya fara ruɓa ba a amfani da shi, don babu barewa mai rai da ke warin mushe. A wurin da za a fara, sai a kwaikwayi wurin harbi: a tona ƙasa da kofato kamar dabba ta zabura, a watsa gashi, a yar da ɗan tsinken ƙashi, a ɗiga jini. Sa'an nan mai takalmi ya kama tafiya, yana liƙa alama a jikin itatuwa don ya san inda ya bi. Wannan alama tana da muhimmanci ƙwarai, gama mai horon da bai san ainihin inda sawu yake ba, yana iya tsawata wa kare alhali karen ne ke kan gaskiya, babu kuwa abin da ke lalata ɗan kare kamar wannan. A ƙarshen tafiya sai a ajiye fatar, a ɗora mata nama ko wani abincin da karen ke so.

Da ɗan kwikwiyo ba a fara wa da nisa. Wasu sukan fara da jan guntun hanta ko huhu a ƙasa na 'yan mitoci, ya bi ya ci. In ya gane cewa sa hanci a ƙasa na kai shi ga alheri, sai a shigo da takalmi, mita hamsin ko ɗari, a miƙe, bayan awa biyu ko uku. Ana so iska ta riƙa bugowa daga baya, don in daga gaba take zuwa sai ya ɗaga kai ya shaƙi warin fatar daga nesa ya yanke hanya, ya saba da ha'inci. Daga nan a riƙa ƙara wuya kaɗan-kaɗan, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya: in an ƙara tsawo ba a ƙara daɗewa, in an ƙara kwana ba a ƙara lanƙwasa. Jinin kuma ana rage shi har ya zama sai can ba a rasa ba. Sannu a hankali a kai ga sawun da ya kwana, a bi da shi ta inda aka san barewa na kiwo da dare, don sababbin sawaye su gitta tsohon. Nan ne ake gane kare. Sabon sawu ya fi daɗi a hanci, jininsa na gaya masa ya bi shi, horo kuwa na gaya masa ya sansana ya bari, ya koma kan tsohon nan mai sanyi wanda aka ba shi.

Akwai wata dabara ta barewa mai rauni wadda masu takalmi ke kwaikwayo. Takan yi gaba, sa'an nan ta juyo ta bi sawunta na ɗan nisa, kana ta yi tsalle gefe ta shige wani wuri. Kare ya bi har ƙarshe sai ya ga sawu ya ƙare kamar dabbar ta tashi sama. Wanda aka saba masa da wannan tun a makaranta ba ya ruɗewa, sai ya juyo a hankali yana duba dama da hagu har ya sami inda ta fita. Haka kuma ana yin makwanci a hanya, a tattake wuri a zuba gashi da ɗan jini, kamar inda dabba ta kwanta ciwo ya tashe ta. Ana so kare ya tsaya a irin wannan wuri ya nuna wa mai shi, domin ta haka ne mutum, wanda ba shi da hanci, ke samun tabbacin cewa har yanzu suna kan hanya.

Duk wannan aiki a kan igiya ake yinsa, doguwa mai kamar mita 10 ko 12, da wani faffaɗan abin wuya wanda ba ya shaƙe kare. Ba a sa masa wannan abin wuya sai ran aiki, har ya zama da ya gan shi ya san abin da ake ciki, kamar dokin da ya ji an ɗauko sirdi. Gudu ba abin so ba ne. Karen da ke fizgar igiya yana haki, bakinsa a buɗe, ya fi kusa da ɓata.

Sai dai takalmin nan yana da wani babban aibi, masu amfani da shi kuma sun san da shi. Ƙafar barewa ce a ƙasa, amma mutum ne a sama. Nauyinsa ne ke murje ciyawa, warin jikinsa da na tufafinsa na zuba a hanya. Ina tabbacin cewa kofaton kare ke bi, ba mai kofaton ba? Wannan tambaya ta girmi takalmin da ake sayarwa yau. A farkon ƙarni na 20 wani jami'in horon karnukan 'yan sanda a Balin, Konrad Most, ya ƙera wata ƙafar keke babba mai ɗauke da ƙafafun roƙo, wadda ake ja a kan waya tana taka ƙasa kamar mutum. Mutum ya yi tafiya, a inda ya tsaya sai na'urar ta ci gaba, karnuka kuwa suka bi ta ba tare da sun lura an yi canji ba. Da aka rataye mutum a waya aka ja shi sama da ƙasa kaɗan ba ya takawa, sai suka kasa binsa. Abin da gwajin ya nuna shi ne, kare yakan zaɓi abin da ya fi sauƙi a hancinsa, sau da yawa kuwa warin ƙasar da aka tattaka ne. In ba a yi hattara ba, sai mutum ya shekara biyu yana murna yana da karen barewa, ashe karen bin sawun maigida gare shi.

Maganin da suke yi bai kawar da aibin duka ba, amma yana rage shi. Ba mutum ɗaya ke shimfiɗa sawu kullum ba, yau wannan gobe wancan, yadda abin da bai canja ba a hancin kare shi ne kofato. Wani lokaci mai shimfiɗawa yakan cire takalmin ya ratsa sawun da ƙafarsa ta yau da kullum, ko mutum biyu su tafi tare sa'an nan su rabu, ɗaya da kofato ɗaya babu, a ga wanda kare zai bi. Barin sawu ya kwana shi ma yana taimako. Har ila yau akwai tsofaffin masu bin sawu da ke cewa dabba mai ciwo tana da wani wari nata na dabam, na firgita da zazzaɓi, wanda ƙafar matacciya daga injin ƙanƙara ba za ta taɓa bayarwa ba. A ganina suna da gaskiya, amma wannan bai rushe amfanin takalmin ba. Allo ba shi ne karatu ba, amma ba a zama malami ba a riƙe shi ba. Kuma ba daidai ba ne a ɗauki ɗanyen kare a kai shi koyon aiki a kan dabbar da ke can tana shan azaba, in ya ɓata ita ce za ta biya.

Da yake Jamusawa ne, sun yi wa abin jarrabawa da takardar shaida. Babbar ƙungiyar karnukan farauta ta ƙasar, wadda aka kafa a 1899, tana da jarrabawa iri biyu. A ta jini, ana shimfiɗa sawun da bai gaza mita 1,000 ba da jinin da bai wuce rubu'in lita ba, watau kamar gwangwanin madara ɗaya da rabi. A ta takalmi kuwa tsawon ɗaya ne, amma jinin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na lita ba, ko gwangwani guda bai cika ba, a kilomita sukutum. Sawun sai ya yi awa 20 kafin a sa kare, a babban mataki kuma awa 40, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Alƙalai na biye a baya, su sun san hanya, mai kare bai sani ba. In kare ya kauce ya yi nisa sai su kira shi a mai da shi kan sawu, a kira na uku kuwa ya faɗi.

Daga Jamus sana'ar ta ƙetare teku. A Amurka jihohi da yawa sun daɗe da haramta shiga da kare farautar barewa, domin a da an yi amfani da garken karnuka an kusa ƙarar da ita. Wani malamin tarihi, John Jeanneney, wanda ya ga yadda ake yi a Turai lokacin da yake karatu a can, shi ya dage yana nuna wa hukumar jihar Niyok cewa kare guda a kan igiya, yana neman dabbar da an riga an harba, ba ɗaya yake da garken da ke kora ba. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Deer Search a 1978, jihar kuma ta halatta aikin a 1986. Yau galibin jihohin Amurka sun yarda da shi. Karen da ya yi suna da shi kuwa ɗan guntun nan ne mai gajerun ƙafafu da dogon jiki, wanda in ka gan shi ba ka ce zai iya tsallake kwata ba. Aikin na hanci ne da naci, girman jiki bai shiga ciki ba.

Matsalar dabbar da aka harba ta ɓace ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maharbinmu na da, mai kibiya da dafin ƙwanƙwani, ya san gwanki ba ya faɗuwa nan take, sai ya bi shi, da ido yake bi, yana karanta karyayyen kara da tonon kofato. Malamanmu ma sun yi magana a kai. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta cin abin da kibiyar mutum ta kashe muddin bai kwana a ɓace ba, an kuma kawo wani ƙaulin da ya sassauta in an tarar da kibiyar a makisa. Watau a fiƙihunmu ma jinkirin nema na iya jawo asarar naman ɗungum. Amma karnukan farautarmu na rani aikinsu kora ne da kamu, da ido da gudu, cikin ihu da ƙura. Ƙasarmu kuma ba ta taimakon hanci yadda kurmin Jamus mai laima ke yi, domin busasshiyar ƙasa da iskar hunturu ba su riƙe wari. Ban kawo wannan labari don a ƙaro wa 'yan namun dajin da suka rage mana wata masifa ba. Kare mai bin sawu ba ya ƙara yawan abin da ake kashewa, rage shi yake yi, gama maharbin da ya rasa abin da ya harba, wata zai je ya harba.

Ran da aka kira mai kare aikin gaske, abin da yake fara yi shi ne ya kwantar da karen a gefe, ya durƙusa shi kaɗai a wurin harbi yana duba ƙasa. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, dabbar ba ta yi nisa ba. Mai duhu, na hanta ne. In da ɗanyar ciyawa a ciki, tumbi aka fasa, a nan kuwa ba a gaggawa, sai a ba ta sa'o'i ta kwanta, don in aka tashe ta da wuri sai ta yi tafiyar da ba a zata ba. Tsinken ƙashi mai rami da ɓargo na ƙafa ne, haƙori kuwa shi ne mafi munin labari. Irin waɗannan biyu na ƙarshe ba su mutuwa da wuri, sai an bi su a igiya har a tashe su, sa'an nan a kwance kare ya kora ya tsare dabbar da haushi, mai shi ya lallaɓo ya ƙarasa ta. Wani neman kan ƙare cikin rabin awa, wani kuma a kwana a koma kashegari, ana rarrafe cikin ƙaya. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ba su karɓar lada sai kuɗin mai.

In an sami dabbar, suna da wata al'ada. Mai kare yakan karyo ɗan reshen itace ya shafa shi a jinin raunin ya miƙa wa maharbi. Maharbi ya karɓa, ya raba shi biyu, ya soke rabi a hularsa, ya mayar da rabin ga mai kare, shi kuwa ya maƙala shi a abin wuyan karen, sa'an nan a ɗauki nama a nufi mota.